Gwangwanin Kyauta da Na Ba Rahinatu

Ni mutumin Salaga ne, a can aka yanke mini cibiya. Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da 'ya'ya a makaranta, su kuwa ba su yi wa kowa laifi ba. Kakanninmu fataken goro ne. Da cinikin goro ya ja baya, mahaifina ya koma sayen doya a ƙauyuka yana lodi zuwa Kumasi. Gidanmu ba na masu hali ba ne, amma ban taɓa kwana da yunwa ba. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya karanta labarina ya ce talauci ne ya tura ni. Ba talauci ba ne. Na yi makarantar allo, na yi boko har na gama sakandare, na san halal na san haram. Ina jin Hausa da Gwanjanci da Dagwambanci da Turanci, kuma tun ina saurayi idan na riƙe mutum da magana ba ya tashi sai ya sayi abin da nake sayarwa.

Saboda wannan ne wani kamfani a Tamale ya ɗauke ni aikin kai kaya shaguna. Sabulu ne, da man girki, da madarar jarirai ta gwangwani. Aka ba ni babur sabo, aka ce yankina daga Salaga ne har Yendi. Ranar da na shiga gida a kan babur ɗin nan, Mma, mahaifiyata, ta fito ta shafa shi tana yi mini addu'a.

A makon farko aka tara mu sababbin ma'aikata, wata mata ta karanta mana dokar ƙasa a kan madarar jarirai. Har yau ina tuna abin da ta faɗa. Ba a tallar ta, ko a rediyo ko a bango. Ba a ba uwa ko mai ciki kyauta don ta gwada. Ɗan kamfani ba ya zuwa wajen masu jego da maganarta. Ba a yi wa nas ko ungozoma kyauta don ta yabi kayanka. Ba a sa hoton jariri a jikin gwangwani, kuma dole a rubuta a jikinsa cewa nonon uwa ya fi. Ta ce dokar ba ta hana sayarwa ba, domin akwai jaririn da uwarsa ta rasu, akwai wanda likita ya rubuta masa. Abin da ta hana shi ne a ja hankalin uwa mai lafiya ta bar nononta. Muka sa hannu a takarda cewa mun ji mun yarda.

Muna fitowa manajanmu ya kira ni gefe. Ya ce, "Ka ji abin da ta karanta?" Na ce, "Na ji, Masa," kamar yadda muke kiran ubangida a wurin aiki. Ya ce, "To, ta yi aikinta. Kai naka aikin shi ne kaya su fita." Ya nuna mini kwalaye a bayan ofis, cike da laima da agogon bango masu tambarin madarar, da ƙananan gwangwanaye na gwaji. Bai ce in kai su ko'ina ba. Ya ce dai suna nan, in ina so. Na ɗauki kwali ɗaya na ɗaure a bayan babur. Ba wanda ya tilasta mini.

Da laima na fara. Na ce wa kaina, laima ce kawai, wa za ta kashe? A wasu ƙananan asibitoci aka karɓa ana godiya, aka rataya agogona a ɗakin awon jarirai, inda duk uwar da ta ɗaga kai sai ta ga sunan madarar. Amma a wani ƙaramin asibiti a gefen garin Yendi na gamu da Sista Memuna. Ungozoma ce, dattijuwa, gajeriya, ba ta ɗaga murya. Na gaishe ta da Dagwambanci har da durƙusawa, na ajiye agogo a teburinta. Ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗana, ka san doka?" Na ce, "Sista, kyauta ce tsakanina da ke." Ta ce, "Ni da kai ba mu da tsakani. Ɗauki kayanka. In na sake ganinka a cikin gidan nan da su, zan rubuta sunanka."

Na fita raina a ɓace. Da na yi hankali, da a nan na tsaya. Amma sai na ɗauki abin kamar fage aka buɗe mini da ita. Ta hana ni cikin asibiti, ba ta da iko da titi. Akwai wata bishiyar mangwaro a tsallaken hanya inda mata ke hutawa idan sun fito daga awo. Na je kasuwar Tamale na sayi farar riga irin ta ma'aikatan lafiya, na rataya biro biyu a aljihu, na fara zama a gindin bishiyar duk ranar awo. Ban taɓa cewa ni likita ba ne. Su suka fara ce mini Dokta, ni kuma na amsa.

A nan na san Rahinatu. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin tashar Yendi, mijinta Yakubu yana tuƙa keke mai ƙafa uku. Haihuwarta ta fari ce, yarinya mai suna Sadiya, wata uku, ɓul-ɓul da ita, ba abin da ke damunta. Ranar zafi ake yi, yarinyar tana ta kuka. Na matsa na ce, "Ƙanwata, yarinyar nan yunwa take ji." Ta ce, "Dokta, yanzu ta sha. Sista ta ce nauyinta ya yi." Na ce, "Nauyi daban, ƙoshi daban. Ke kina tsaye gaban wuta tun safe, nononki ya zama ruwa. 'Ya'yan manyan Accra kin ga suna kuka haka?" Na ga idonta ya canza. Na ciro ƙaramin gwangwani da fida, wato kwalbar shayar da jariri, na sa a hannunta. Ta ce ba ta zo da kuɗi ba. Na ce kyauta ne. Ta durƙusa ta yi mini godiya, ta ba ni lambar wayarta.

Ku saurara, matasa, domin a nan dabarar take, kuma na san ta tun ranar. Jaririn da ya saba da fida sai ya yi ƙyuyar kama nono, domin fida ba ta ba shi wahalar tsotso. Nonon da ba a tsotsa kuwa raguwa yake yi har ya ƙafe. Gwangwanin gwaji yana ƙarewa daidai lokacin da uwa ba ta da abin komawa. Daga nan ba sai ka bi ta ba, ita za ta biyo ka. Haka na yi wa Rahinatu, haka na yi wa mata da yawa a Yendi da Bimbila da Salaga, har da masu ƙyafa kifi a bakin ruwa a Makango. Kaya suka fita. Manaja yana kirana zakaransa a gaban sauran ma'aikata.

Duk da ban sake shiga asibitin ba, Sista Memuna ta cika alkawarinta. Ta sa aka ɗauki hotona da farar riga a gindin mangwaro, ta aika wa jami'an da ke kula da abinci da magunguna. Suka je kamfani. Manaja ya kira ni ofis, jami'ai biyu suna zaune. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ciro takardar da na sa wa hannu, ya ce, "Wannan ba hannunka ba ne? Ni na ce ka sa farar riga? Ni na aike ka wajen mata?" Gaskiya ne, bai taɓa faɗa da bakinsa ba. Aka gargaɗi kamfani, ni kuma aka karɓe makullin babur aka kore ni.

Ban ji kunya ba. Haushi na ji. Na ce tun da su manya suna yi suna tsira, ni ma zan yi nawa na kaina. Ina da abin da kamfani ba shi da shi, wato lambobin matan da nononsu ya riga ya ƙafe.

Na hau mota zuwa Bawku, wajen wani ɗan kasuwa da ake kira Alhaji Seidu, wanda na sani tun ina kai kaya. Yana shigo da kaya ta kan iyaka, yana da ɗakin ajiya a bayan kasuwar dabbobi. Ya nuna mini gwangwanayen madarar jarirai masu rubutun Faransanci, waɗanda lokacinsu ya wuce. Ya ce, "Gari ne, ba ya ruɓewa. Turawa ne da tsoro." Muna goge tsohon kwanan wata da kananzir, mu buga sabo, mu liƙa takarda mai rubutun Turanci da hoton wani jariri mai kumatu. Na ce wa kaina ai madara ce ta gaskiya, ta ɗan tsufa ne kawai. Da waɗannan suka ƙare, Alhaji ya ce kada mu tsaya jiran wasu. Muka riƙa sayen gwangwanayen da aka shanye, mu cika su da madarar shayi ta buhu, mu haɗa da garin shinkafa da sukari, mu rufe da injin liƙi. Wannan karon ban ce wa kaina komai ba. Na daina neman hujja.

Ina ɗaukar kaya daga Bawku in sauka Yendi, in wuce Salaga. Ina sayarwa ƙasa da farashin kemis, matan suna sa mini albarka.

A cikin wannan lokaci matata Zainabu ta haifi ɗanmu na biyu a Salaga. Wata rana na dawo da azahar na same ta ta buɗe kwali ta ciro gwangwani ɗaya, ta ce tana so ta je biki ta bar yaro wajen Mma. Na fizge shi daga hannunta har sai da ta tsorata. Na ce, "Kada ki kuskura ki ba ɗana wannan." Ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Maigida, ba shi kake sayarwa ba?" Na ce ba ruwanta da sana'ata. Ta ce, "To 'ya'yan mutane fa?" Na daka mata tsawa na fice. In akwai wanda yake so ya yi mini uzuri da rashin sani, to ga amsarsa nan. Na sani.

Rahinatu ta fi kowa saye a wajena, domin na kemis ya fi ƙarfinta. Wata ranar kasuwa ta tare ni a tasha da Sadiya a goye. Ta kwance ta ta nuna mini. Yarinyar ta zube, wuyanta ya yi siriri, ƙafafunta sun kumbura, gashinta ya yi ja. Ta ce, "Dokta, kwana biyar ke nan tana gudawa." Na ce haƙori ne, duk yara suna yi. Ta ce ko ta kai ta wajen Sista? Na san in Sista Memuna ta ga gwangwanin, na gama. Na ce, "Me za ta yi miki ban da faɗa? Ki ƙara mata madara ta samu ƙarfi." Na sayar mata da wani. Ta karɓa da hannu biyu.

Sai bayan kwana shida Yakubu ya ɗauke su a kekensa zuwa asibiti. Aka yi abin da za a iya yi, ba a dace ba. Sadiya ta rasu tana da wata bakwai.

Sista Memuna ta nemi a kawo mata abin da yarinyar take sha. Ta buɗe, ta shinshina, ta ɗanɗana, ta aika da shi gwaji. Ni ban sani ba. Na ji labarin rasuwar, na yi mako biyu ban leƙa Yendi ba, sannan na dawo da kaya kamar kullum. Ina sauke kwalaye daga kan mota da hantsi, mutum uku suka kewaye ni, ɗaya da kayan 'yan sanda. Na ce, "Ku nuna mini inda sunana yake a jikin gwangwani." Aka farke kwali a gaban jama'a, aka buɗe gwangwani aka zuba garin a kan benci. Wata tsohuwa mai sayar da shinkafa ta murza shi da yatsa ta ce, "Wannan ai kayana ne." Da ba a tura ni cikin mota da sauri ba, da matan tasha sun gama da ni a wurin.

Da aka je Bawku, ɗakin ajiya a buɗe, an share shi tas. Alhaji Seidu ya ƙetare iyaka. Ni kaɗai na tsaya gaban alƙali.

Ko a kotu kaina bai sauko ba. Na ce ni ɗan aike ne, na ce kowa yana yi, na ce ajali ne. Sai aka kira Rahinatu. Ba ta yi kuka ba. Ta yi magana da Dagwambanci, tafinta yana juyawa. Ta ce, "Ina da nono. Ya ishe ta, har yana zuba a rigata. Wannan mutumin ya ce ruwa ne." Alƙali ya tambaye ta me ya sa ta yarda. Ta ce, "Farar riga ce a jikinsa." Aka yanke mini shekara huɗu.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Cunkoso ne da ƙaiƙayi da wake mai tsakuwa. A can ma akwai daraja tsakanin masu laifi, kuma ɓarawon shanu ya fi ni. Da suka ji abin da ya kawo ni, wani da ya yi fashi a hanya ya janye tabarmarsa daga kusa da tawa. Duk da haka na yi wata takwas ina ganin zaluntata aka yi, ina zagin manaja da Alhaji da Sista a zuciyata.

Abin da ya karya ni ziyara ce. Zainabu ta zo da ƙaramin ɗanmu, ta sauke shi a ƙasa ta ce, "Je ka wajen Baba." Ya tako yana tangaɗi, ƙafafu kamar taɓarya, ya kama wandona yana dariya. Wannan yaron nono kawai ya sha har wata shida, domin ni na tsaya a kan haka. Na dube shi, sai na ga ƙafafun Sadiya ranar da uwarta ta kwance ta a tasha. Na kasa ɗaukar ɗana. Zainabu ta bar ni na yi kukana. Daga ranar na daina ambaton sunan kowa idan ina lissafa masu laifi. Na koma salla da gaske, na roƙi Allah, ina roƙonsa har yau.

Da aka sake ni, ban wuce Salaga ba, Yendi na fara sauka. Na sami Rahinatu a inda take, gaban kaskon ƙosai, da wani jariri a ƙirjinta yana shan nono. Na yi sallama na durƙusa a ƙasa, mutane suna kallo. Na ce na zo neman gafara. Ta juya ƙosanta, ta kwashe, ta zuba wani, sannan ta ce, "Ka je ka nema wajen Allah. Ni ban yafe ba. Tashi, kana tare mini masu saye." Na tashi. Tana da gaskiya, kuma ba wanda zai sa ni in ce ta yi tsauri.

Daga nan na je wajen Sista Memuna. Ta tsufa, tana dab da ajiye aiki. Ta ce, "Ka zo da agogo?" Na ce a'a, Sista. Ta ce in da gaske nake, in dawo ranar awo. Na dawo. Ta tsayar da ni gaban mata cike da rumfa ta ce, "Gaya musu yadda ake yi." Na faɗa musu duka, daga laima har garin shinkafa. Wasu suka zage ni, wata ta tofa yawu a gabana. Na tsaya har na gama.

Yanzu busasshen kifi nake saye a Makango in kai kasuwar Salaga. Duk inda aka kira ni in yi wannan bayani ina zuwa, ko asibiti ko masallaci ko taron suna. Kawuna ya tara dangi a kaina ya ce ina tona wa gidanmu asiri, in yi shiru mutane su manta. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, asirin ya tonu tun ranar da aka binne yarinyar." An kira ni a waya da lambar da ban sani ba, aka ce in kama bakina in ina son zaman lafiya. Na ce wa mai kiran gobe ina Yendi, a rumfar awo, ya zo ya zauna a gaba. Ba zan yi shiru ba. Masu zama a ofis su ce kaya su fita, su bar kwali a bayan ƙofa, suna nan har yanzu, kuma sun fi son irinku, masu jini a jika da ke neman aiki ido rufe.

Saboda haka ga maganata gare ku. Sayar da madarar jarirai ba haram ba ne, akwai yaran da ita ce rayuwarsu. Ka kai ta shago, ka duba kwanan wata, ka tsaya nan. Kada ka kai kyauta asibiti, ko biro ne. Kada ka karɓi lambar mai jego. Kada ka sa rigar da ba taka ba. Kada ka buɗe baki ka gaya wa uwa cewa nononta bai isa ba, domin ba ka sani ba, kuma ba aikinka ba ne. In maigidanka ya nuna maka hanya da ido, ka ce ya rubuta ya sa hannu, za ka ga yadda zai canza magana. In ya kore ka, ka tafi. Ku kuma 'yan mata da za ku zama uwaye, duk wanda ya miƙo muku gwangwani kyauta ku tambaye shi ko shi yake ba ɗansa.

Na yi shekara huɗu na fito, ina cin tuwo, ina ganin 'ya'yana suna girma. Sadiya wata bakwai ta yi a duniya. Kai da kwalin yake gabanka yau, ba ka riga ka ɗaure shi a babur ba, bar shi inda ka gan shi ka yi tafiyarka.